Hadari da Matan Rumfar Ƙaro

Ran nan jikana ya goya ni a babur zai kai ni gaisuwar rasuwa, muka bi ta wajen tsohuwar tashar jirgi, sai na ce ya tsaya. Ya ɗauka jiri ne ya ɗebe ni. Na ce masa lafiyata ƙalau, wuri nake nema. Na duba gabas na duba yamma, ban ga rumfarmu ba. Inda take a da an jera shaguna, wannan yana facin taya, wancan yana cajin waya, kiɗa na tashi kamar zai fasa kunne. Ko ginshiƙi ɗaya bai rage ba. Titin jirgin ma awaki ne kwance a kansa suna tuƙa. Na tambayi mai facin ko ya san an taɓa tsintar ƙaro a nan, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ni dai haka na zo na tarar." Ban ji haushinsa ba, yaro ne. Amma tun daga ranar rumfar nan ta ƙi barin raina, in na kwanta ita, in na tashi ita.

A zamaninmu jirgi ne agogon Nguru. A nan titin jirgin ya ƙare, babu gaba, saboda haka duk abin da daji da ruwa suka haifa nan ake kawo shi. Tun da sassafe za ka ji kukan raƙuma ana durƙusar da su da kayan kanwa, shanu suna turjiya a bakin tarago, 'yan dako suna waƙa suna ɗora buhunan gyaɗa, warin banda da na ƙiraga ya cika iska. In jirgi ya yi kuka daga nesa, har mai daka takan tsayar da taɓarya ta saurara. Yanzu garin ya fi da girma, ya fi da hayaniya, amma hayaniyar kowa tasa ce daban. A da kuwa ƙara guda ce ke tashin mu gaba ɗaya.

Ni 'yar Gashuwa ce, ubana masunci. Aurena na fari ya mutu ina da goyo, sai gwaggona ta aika a kawo mata ni Nguru. Ita ce uwar rumfa a wani kamfani mai sayen ƙaro, wato ita ke shugabantar matan da ke tsince shi kafin a ɗinke buhu. Makiyaya da mutanen ƙauye ke ɓamɓaro shi daga jikin bishiyar dakwara su kawo, haɗe da ɓawo da yashi da busasshen ganye, wani lokaci har da kashin awaki. Sai a zazzage a kan tabarmi, ka ji yana zuba kamar ƙanƙara a rufin kwano. Mu kuma mu zauna da'ira-da'ira, ƙafa a miƙe, faifai a cinya, muna ware fari dunƙulalle, wanda Barebari ke kira kolkol, muna ware ja, muna ware gari. Yatsu su yi ta mannewa. Waƙa kuwa da harshe uku ake yin ta, wata ta ɗauko da Barbarci, wata ta amsa da Badanci na mutanen Gashuwa, a ƙarasa da Hausa. In yunwa ta taso sai ka jefa ɗan gutsure a baki, ya liƙe maka haƙora har la'asar.

Manajan da na tarar mutumin ƙasar Nufe ne, dogo, mai jajayen idanu. Hausarsa tana ɗingishi, amma tsawarsa lafiyayyiya ce. Matan rumfa suka sa masa suna Hadari, domin tun daga nesa ake ganin haɗuwarsa. In ya fito daga ofis hannu a baya, waƙa takan mutu a bakin kowa. Zai cusa hannu cikin buhun da aka gama, ya zaro ɓawo guda, ya ɗaga shi sama kamar ya kama ɓarawo, ya ce a zazzage duka a sake. Gwaggo maganinta ɗaya ne. Duk abin da ya faɗa sai ta durƙusa ta ce, "To, ranka ya daɗe." Ko ya ce a kwashe yashin Nguru kafin la'asar, "To, ranka ya daɗe." In la'asar ta yi ba a gama ba, sai a ja tabarma a rufe ragowar, a yi ta addu'a kada ya ɗaga. Kullum kuwa sai ya ɗaga. In na yi mata magana a gida takan ce, "'Yar nan, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Na gaba ba a yi masa musu."

Da idon Gwaggo ya fara yin hazo har ba ta rarrabe fari da ja, sai matan suka ce ni zan gaje ta. Ba don na fi kowa ba. Ina jin harsunan rumfar duka, sannan babu mai son ta zama kunnen da Hadari zai riƙa zazzage wa faɗa. Na karɓa. Abin da ya taimake ni maganar babana ce. Yakan ce masuncin da ke zagin ruwa bai san ruwa ba, ka zauna bakin gaɓa ka ga inda yake juyawa kafin ka jefa taru. Sai na zauna ina kallon mutumin nan. Na lura ranar da jirgin Kano zai iso fuskarsa ta fi ɗaurewa. Na lura in ya idar da azahar yakan zauna gindin tsamiya ya ɓare goro, a lokacin ko kaza ta taka masa tabarma ba ya kora. Rannan kuma aka aike ni cikin tasha, sai na hango shi tsaye gaban Baturen kamfani da ya zo daga Kano, ya cire hula ya riƙe a hannu, Bature na nuna shi da yatsa, shi kuwa yana ta gyaɗa kai kamar yadda Gwaggo ke yi masa. Na ce a raina, ashe ruwa ba ya tsami banza. Hadari ma akwai mai yi masa tsawa.

Ba a daɗe ba aka kawo wani tuli mai yawan ƙazanta, ya zo ya tsaya a kanmu ya ce gobe yake son a ɗinke. Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Na bari sai da ya idar da azahar, na gyara goyona na same shi gindin tsamiya.

"Sannu da hutawa, ranka ya daɗe."

"Ke ce sabuwar uwar rumfa? Me ya faru?"

"Babu abin da ya faru tukuna, shi ya sa na zo. Tulin nan ba zai ƙare gobe ba."

Ya daina tauna goro. "In ji wa?"

"In ji ni, ranka ya daɗe. In ka ce gobe, za a ɗinke gobe, amma da ɓawo a ciki. In ka ba mu zuwa jibi, ni zan tsaya a kan kowane buhu."

Ya miƙe ya yi ta faɗa, har yaron da ke bayana ya farka ya fashe da kuka. Na sunkuyar da kai ina jijjiga shi, ban gusa ba. Da ya gaji ya zauna, sannan ya ce, "Me ya hana tsohuwar faɗa mini haka duk shekarun nan?"

"Tsoronka take ji."

"Ke fa?"

"Ni ma ina ji. Amma na fi jin tsoron ka ɗaga tabarma."

Wani abu ya motsa a gefen bakinsa, ya yi sauri ya danne. Ya ce, "Jibi. Da kin bari sai gobe, da na riga na kama tarago, ya tafi wayam, ni kuma in sha zagi." Jibi ta yi, ya cusa hannu cikin buhuna har kafaɗa, bai zaro komai ba.

Daga nan na ƙara matsawa. Na roƙe shi ya zo da kansa ya nuna mana abin da yake nufi in ya ce mai kyau, don kowa da irin nata mai kyau. Sai ga Hadari ya tuɓe takalmi ya zauna a kan tabarmarmu. Ya ɗauki dunƙule guda ya ɗaga a rana, haske ya ratsa shi kamar zuma, ya ce wannan shi ne na ɗaya. Ya gaya mana ƙaron nan teku yake ƙetarewa, ana sa shi a alewa da magani da rinin tufafi, kuma in suka tarar da yashi a can sai su ce mutanen ƙasar nan ba su iya aiki ba. Mu da muka san shi a tawadar malamai kawai, sai muka riƙe baki. Tun daga ranar matan suka daina tsinta don gudun faɗa, suka koma yi don kada a zage mu a ƙasar da ba mu taɓa gani ba.

Ni kuma na koyi lokacin roƙo. Ba na kai masa buƙata ranar jirgi, ba na haɗa biyu a zama guda, ba na yi sai bayan aiki ya yi kyau. Haka na samo mana randar ruwa, daga baya aka ƙara mana zana a gefen rumfa don masu shayarwa. A gaban mutane ban taɓa musa masa ba, ko da kuwa na ga ya karkace, sai na same shi gindin tsamiya. Maganar mata ba na kai masa, tasa ba na kawo musu. Ya taɓa gwada ni, ya ce, "Wace ce ta sa mini Hadari?" Na ce, "Ranka ya daɗe, uwar rumfa aka naɗa ni, ba 'yar rahoto ba." Ya kau da kai yana murmushi. Yanzu ina jin jikokina suna hirar shugabanninsu na wurin aiki, wannan ya ce shi fadanci yake yi don ya zauna lafiya, wancan ya ce in aka ɗaga masa murya sau ɗaya ya bar aikin. Ba na sa musu baki, zamaninsu ne. Amma na san akwai hanya tsakanin mai durƙuso da mai zuciya, don na bi ta da ƙafata.

Shekarar da abin ya faru, bazara ta yi nisa, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Sai ga masinja wai Manaja na kirana, abin da bai taɓa yi ba. Na same shi ya rame a ido. Ya ce kamfani ya yanke shawarar mayar da tsintar ƙaro Kano, Nguru sai dai a loda shi yadda ya zo daga daji. Za a rushe rumfa, shi kuma a tura shi wani wuri. Ya roƙi Bature gwaji guda. Akwai ƙaro jibge a siton kamfani na Gashuwa, wanda ba a taɓa tara irinsa ba. In ya iso tashar Nguru a tsince tas kafin Bature ya dawo a jirgin da zai kwashe shi, rumfa ta tsira. Matsalar ita ce motar kamfani ɗaya ce, kullum tana kafewa a yashi, ga damina a bakin ƙofa. Kafin a gama jido shi a fara tsinta, lokaci ya wuce.

Ya dube ni ya ce, "Ban kira ki don in ba ki umarni ba. Yaya kike gani?"

Ban taɓa jin mai ofis ya tambayi mace haka ba. Na tuna matan rumfa, yawancinsu zawarawa da tsofaffi masu riƙon marayu, da tsintar nan suke ɗora tukunya. Na ce, "Kada a kawo mana ƙaro, a kai mu wurinsa. Gashuwa garinmu ne, ina da dangi mata cike da unguwa. Kowace tamu ta zauna da sababbi ta koya musu. Abin da za a ɗauko sai mai tsabta, ba a wahalar da mota da yashi da ɓawo."

Ya daɗe yana murza goro a hannu. "Ko mai tsabtar ma mota ba za ta iya ba." Can sai ya buga cinya. "Raƙuman da suka kawo kanwa suna nan kwance bayan kasuwa ba su da kaya. Na san madugunsu. Ki kawo mata, ni zan kawo raƙuma."

Da na kai wa matan maganar sai rumfa ta ɗauki hayaniya. Wata ta ce, "Mu bi Hadari har Gashuwa? In ya tashi faɗansa a can wa zai cece mu?" Wata ta ce 'yan'uwanta ba za su bari ba. Ana cikin haka sai Gwaggo, wadda ke zuwa ta zauna a gefe don ba ta iya zaman gida, ta dogara sanda ta miƙe. Ta ce, "Ku saurara. Na yi shekaru ina ce wa mutumin nan to, ko ludayi ban samo muku ba. Yarinyar nan ta ce masa ba zai yiwu ba, ga randa kuna sha. Ku bi ta." Washegari kuma Manaja da kansa ya bi gida-gida tare da mai unguwa, yana tuɓe takalmi a ƙofar zaure yana neman izini. Wa zai ce a'a?

Tafiyar nan har yau in na tuna sai na yi dariya. Muna cunkushe a bayan mota da tukwanenmu da 'ya'yanmu muna waƙa, in ta kafe mu sauko mu tura, Manaja a tsakiyarmu yana haki. Da muka isa Gashuwa na shaƙi ƙamshin banda daga bakin kogi, hawaye ya zubo mini. Dangina suka fito kamar ana biki. Aka shimfiɗa tabarmi a farfajiyar sito har ba wurin taka ƙafa, muka duƙufa tun daga fitowar rana har faɗuwarta. Buhuna suka yi ta tashi, raƙuma suka iso suka durƙusa suna jira.

Ana saura kaɗan a gama, da yamma liƙis, sai iska ta tsaya cak. Muka ɗaga kai, gabas ta yi baƙi ƙirin. Duk wanda ya san ƙaro ya san in ruwa ya taɓa shi ya narke ya haɗe ya zama dutse, ba mai saye. Ga shi shimfiɗe a fili, ga buhuna a waje. Ban jira kowa ba na ƙwala kira, mata suka zabura. Babana ya taho da masunta a guje ɗauke da zana da fatun shanu. Ana naɗe tabarmi da ƙaron a ciki ana ruga da su sito, yara na jan buhu, iska na fizge ɗankwali. Ina juyawa sai na ga Manaja ba hula ba takalmi, buhu a ka, yana gudu bayan wata tsohuwa Babadiya, 'yar Gashuwa, da ba ta san ko shi wane ne ba, tana ɗaga masa murya ya yi sauri, shi kuma yana cewa, "To, Iya! To, Iya!" Wata daga cikin matanmu ta kasa daurewa ta ce, "Yau Hadari ya gamu da yayansa!" Muka fashe da dariya muna gudu, shi ma yana yi har buhun na neman suɓuce masa. Buhu na ƙarshe na shiga, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Tabarma biyu ruwan ya cim ma. Da gari ya waye muka tsaya a kansu ni da shi. Da za a iya busar da shi a cusa ƙasan buhu, ba mai gani sai an ƙetare teku. Na dube shi ya dube ni. Ya ce, "Ko ƙwaya kada ta shiga. Ni zan gaya wa Bature da bakina, tun kafin ya tambaya."

Raƙuma suka kwashi buhuna, muka rigayi jirgi isa Nguru. Ranar da Bature ya sauka, tasha ta cika, 'yan dako sun ajiye aiki, mahauta da masu kanwa duk sun zo kallo, mu kuma muna gefe cikin zannuwanmu na salla. Manaja ya fara gaya masa abin da ruwa ya ɓata. Bature ya gyaɗa kai, ya zaro wuƙa, ya wuce buhunan gaba ya nuna na can tsakiya. Aka jawo, ya farke, ƙaro ya zubo a kan tamfol, rana ta dake shi yana walƙiya. Ya durƙusa ya tona da hannu biyu. Ya nuna wani, aka farke. Ya nuna wani. Can ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya yi wa Manaja wata magana da Turanci yana miƙa masa hannu. Manaja bai karɓi hannun ba tukuna. Ya juyo ya ce, "Uwar rumfa, matso." Na matsa. Ya ɗaga muryar nan tasa, da Hausa don kowa ya ji, ya ce, "Ni raƙuma kawai na nemo. Sauran duk aikinta ne da na matan nan." Sannan ya maimaita wa Bature da harshensu. Gwaggo ce ta fara rangaɗa guɗa, ita da ba ta ga komai ba, sauran suka amsa. Jirgi ya yi kukansa a lokacin, amma wallahi ba wanda ya ji shi.

Rumfa ba ta rushe ba. Da kaka ta zagayo ma aka kafa wata a Gashuwa, aka ce duka biyun ni ce uwarsu. Na yi shekaru ina kai da kawowa tsakanin garuruwan nan, da aikin na aurar da 'ya'ya, da shi matan nan da yawa suka rufa wa kansu asiri. Faɗa tsakanina da Manaja kuwa bai ƙare ba, mun sha yi, amma kullum gindin tsamiya, kuma ba mu taɓa tashi ba a gama magana ba.

Da furfura ta cika masa kai ya ajiye aiki zai koma ƙasarsu, jirgin da ya kawo magajinsa shi zai tafi da shi. Muka raka shi tasha, mata na ta share hawaye, har da waɗanda suka fi kowa zaginsa a da. Sabon manajan saurayi ne, ya sauko da akwatinsa yana kalle-kalle. Tsohon ya kama hannunsa ya kawo shi gabana, ya ce, "Ka ga wannan? In ta ce maka ba zai yiwu ba, kada ka ɓata bakinka. In ta ce zai yiwu, je ka yi barcinka." Ya hau tarago bai waiwayo ba, na san don kada mu ga idonsa ne.

Jirgi ya ɓace, saurayin nan ya juyo ya dube ni, mace da ɗanyen ƙaro a yatsu. Ya gyara murya ya ce, "To, Uwar rumfa, daga ina za mu fara?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka sha hanya, fara cin abinci tukuna. Aiki yana nan, mu ma muna nan."